Talatar da Ka Rina Mana Teku

Otuakrom,
Alhamis, ƙarshen watan Yuli.

Zuwa ga ɗana Ebo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da duk waɗanda kuke zama tare a can Bergen. Allah Ya tsare ka daga sanyin ƙasar, Ya buɗa maka karatu, Ya kuma ba ka kunnen jin magana, wanda shi na fi roƙa maka a 'yan kwanakin nan. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi tun da na fara shafa maganin da ka aiko. Ƙanwarka Efuwa ta gama koyon ɗinki, ita ce ma ta ɗinka wa mawaƙan cocinmu sababbin riguna, ko da yake hannun tawa rigar ya matse ni, kuma na gaya mata. An gyara rufin rumfar banda da iska ta yaye. Ruwa ya fara sanyi, hazo yana kwana a kan teku, kifin sardin ya fara shigowa.

Ka san rabona da rubuta takarda tun da waya ta shigo gari. Na ɗauki biro yau ne domin a waya ka fi ni saurin baki. Kafin in kai tsakiyar magana ka tare ni da "Maame, bari in yi miki bayani," in ka fara bayanin kuwa sai kati ya ƙare. Takarda ba a katse ta. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta daga nan har ƙarshe, kada ka tsallake ka tafi wajen gaisuwa kamar yadda kake yi wa littafin addu'a kana yaro.

Kai daga sama ka ga abin da ya faru, a hotunan da abokinka Quansah ya ɗauka da ɗan jirginsa mai shawagi. Daga sama ba a ganin fuskar mutane, don haka bari in gaya maka yadda aka gan shi daga ƙasa. Talatar farkon watan nan ce. Ka san yadda bakin ruwa yake ranar Talata, in dai ba ka manta ba. Jirage duk an ja su kan gungume, maza sun baje taru tun daga gindin kwakwa har kusa da kumfa suna ɗinki, mu mata muna kankare wayoyin banda. Kai ka zauna a can ka yi tunanin ranar Talata ba kowa a teku, kuma gaskiyarka. Abin da bai zo maka a rai ba shi ne, duk mutanen da ba sa cikin teku a bakinsa suke zaune, kowa fuskarsa na kallon ruwa. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga kawunka Ato, shi da mutum biyu daga cikin mutanen jirginmu, sun tura ƙaramin kwale-kwale, sun sa filafili, sun keta igiyar ruwa sun fita. Allurar kowa ta tsaya a hannunsa.

Ebo, abu ɗaya ne ke fitar da kwale-kwale ranar Talata a garin nan, kuma ka san shi. Neman gawa. Kafin ka ce me, mata sun watsar da abin da ke hannunsu, kowace ta zabura tana kiran sunan 'ya'yanta. Wata ta bi lungu da gudu ba ɗankwali, wata ta faɗa cikin ruwa har ƙugu tana dube-dube. Ni kaina, da na san Efuwa tana shago, sai da na aika a dubo mini ita. Tsohuwa Nyaniba, wadda teku ya ɗauke mata ɗa shekarun baya ba a ga ko rigarsa ba, ta zube a kan rairayi tana kiransa, tana cewa ai ga shi an tafi ɗauko shi. Da ƙyar aka ɗauke ta zuwa gida, har yau ba ta koma fitowa ba. Wannan ba ya cikin hotunanka, shi ya sa na rubuta maka shi da kyau.

Ni na hau tudun coci don in ga inda suka nufa. Sun yi nisa kaɗan da inda igiya ke fashewa, sai suka tsaya. Na ga kawunka ya miƙe ya tuntsurar da wani abu daga jarka, nan take ruwan da ke kewaye da su ya koma kore shar, irin koren da ban taɓa gani a jikin ganye ko zane ba, har yana ɗaukar ido. Da farko ya yi da'ira kamar faifai. Can sai faifan ya fara miƙewa ta inda iska ke bi, ya tsattsage ya zama dogayen layuka a jere, kamar kunyoyin gonar da gwani ya yi wa huɗa. Tsakanin layi da layi ruwa na nan da launinsa. Igiya ta zo ta wuce, layukan su ɗaga su sauka, ba su rabu da wurinsu ba. Daga nan koren ya riƙa dusashewa, ana hango shi a can ƙasa kamar fitila a bayan labule, kawunka kuma yana ta zura wata igiya mai na'ura yana jawowa. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin ya yi kyau. Na tsaya baki buɗe ina kallo, har sai da na tuna wace rana ce, da kuma wanene kaɗai a duniya zai iya sa Ato ya yi wannan aiki.

Abokin naka kuwa, ka gaishe shi da kyau. Da ya ga mutane sun taso, sai ya sauko da ɗan jirginsa, ya cusa a jaka, ya shiga mota. Ko ruwan da na ba shi da safe bai tsaya ya ce an gode ba. Kawunka ya dawo ya tarar da gari gaba ɗaya a tsaye yana jiransa, hannuwansa kore har gwiwar hannu, babu mai tsaya masa.

Kada ka ce mini camfi ne, domin na san ita ce kalmar da ke bakinka. Ni Kirista ce, ban taɓa tsiyaya wa teku giya ba, ban taɓa yanka masa ko kaza ba, kuma ka sani. Amma Talata ta fi ƙarfin masu tsafi. Fasto yana kiyaye ta, Alhajin da ke sayar da man inji yana kiyaye ta, mashayin da ba ya kiyaye komai ma yana kiyaye ta. Ita ce ranar da kifi ke hutawa, taru ke samun gyara, ake sasanta masu rigima, yara ke ganin fuskar ubansu da rana. Ranar Talata aka haife ka, shi ya sa kake amsa sunan Ebo. Da naƙudarka ta zo mini da gardama, da wata rana ce da babu namiji ko ɗaya a unguwa, duk suna ruwa. Talata ce ta zaunar da Ato a gida, shi ya goya ni a bayansa har bakin titi. Mutum bai kamata ya taka abin da ya tsaya a kai ya shigo duniya ba.

Matar kawunka, Esi Tawiah, ta gaya mini yadda kuka yi, domin ka san ba ya jin waya sai an buɗe murya, gida duk ana ji. Ta ce da farko ya ƙi, ya ce ka bari sai Laraba. Sai ka ce masa Laraba ba za ta yi ba, injuna za su dagula ruwan. Ka ce doka kamun kifi ta hana, ba ta ambaci tuƙi ba, kuma ba taru, ba ƙugiya, ba inji, filafili ne kawai, ko kifi ɗaya ba za a taɓa ba. Daga ƙarshe sai ka ce masa, "Kawu, in kai ba ka yi mini ba, wa nake da shi?" Ashe lauya muka aika karatu ba mu sani ba. Ka san sarai tun ranar da mahaifinka ya rasu mutumin nan bai taɓa iya ce maka a'a ba. Shi ya koya maka iyo, shi ya raka ka makarantar kwana da akwatinka a kansa, hotonka na digiri yana liƙe a cikin babban jirgi inda yake zama. Ka san inda yake da taushi, ka danna daidai nan. Kuma ba ka gaya mini ba, domin ka san abin da zan ce.

Washegari aka kira shi rumfar Nana Kwegyir, sarkin masunta. Ka san dokar bakin ruwa ta raba tsakanin wanda aka aika da wanda ya yi aike. Ɗan aike ana ja masa kunne, ya kawo kwalbar giya ya ba da haƙuri ya wuce. Nauyin yana kan wanda ya aike shi. Don haka abu ɗaya suka tambaye shi, wa ya aike ka? Ya ce ba wanda ya aike shi, ra'ayin kansa ne. Kakakin Nana ya dube shi ya ce, "Egya Ato, kai da ko agogo ba ka ɗaurawa, a wace kasuwa ka sayo garin rina teku? A Mankessim, kusa da masu barkono?" Ya ce tsinta ya yi. Aka ce mai motar fa, shi ma tsintar sa ka yi? Ya ce bai san shi ba, mai yawon buɗe ido ne. Rumfa ta ɗauki dariya, amma Nana bai yi dariya ba. Babu mutum ɗaya a wurin da bai san sunanka ba, Ebo. Sai dai ba sa hukunta sunan da ba a faɗa a gabansu ba. Suka ba shi dama, suka sake ba shi, ya kafe. Nana ya ce to, tun da kai ne kan kuma kai ne hannun, ka ɗauki duka. Aka ɗaura ganyen kwakwa a goshin babban jirginmu, alamar ba ya shiga ruwa, aka ce Ato ba zai riƙe tuƙi ba har kakar sardin ta wuce.

Tun daga ranar ban huta da baki ba. A wajen banda mata na ce mini, "Kukua, in yayanki ya buɗe marina ki gaya mana, muna da tsofaffin zannuwa." Samari sun sa masa suna Ato Mai Rini, suna faɗa in ya ba da baya. Wata mai sayen kifi daga Kumasi ta ɗaga kifina tana leƙa cikinsa, wai tana duba ko kore ne, alhali a jirgin wasu na saya. Na ce mata ta ajiye mini kayana in ba saye za ta yi ba. Wannan duk mai sauƙi ne, baki ne, yana gajiya. Abin da ba ya jira shi ne mutanen jirgi. Suna da iyali, ba za su zauna su kalli sardin yana wucewa ba. Sun fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo da dogon uzuri da sunkuyar da kai. Ka kuwa san wanda ya shiga jirgin wani a farkon kaka, can zai zauna. Kawunka ya haura sittin. In kakar nan ta wuce shi, ba matashin da zai dawo ya zauna a ƙarƙashin tsohon da aka taɓa ɗaure wa jirgi. Ba hutun wata uku aka ba shi ba, sauke shi aka yi, shi ma ya sani.

Sannan na kira ka. Ka tuna yadda ka amsa? Murya cike da murna, kana gaya mini hotuna sun fito fiye da yadda kuka zata, malaminka ya kira sauran malamai su zo su gani. Ka ce garin rinin ba shi da guba, ko an sha ba abin da zai yi. Ka ce da can an ɗauka iska ce kaɗai ke motsa saman teku, sai kuma fashewar igiya da ke dama ɗan abin da ke sama-sama. Amma idan iska da igiya suka nufi gefe guda, ruwan yakan riƙa murɗawa kamar tabarmi da aka naɗe aka jera, wannan na juyawa dama, na kusa da shi hagu. Inda biyu suka haɗu, ruwan sama ya nutsa ƙasa ya bar kumfa a jere, inda suka rabu kuma na ƙasa mai sanyi ya hau. Ka ce koren ya nuna muku zurfin da wannan damun yake kaiwa, kuma sanin haka zai nuna inda abincin sardin ke taruwa, da inda mai zai nufa in wani jirgi ya zubar, har da inda ruwa zai kai wanda ya nutse. Na gane sarai, kada ka ɗauka ban gane ba. Na yi sakandare, na ci kimiyya tun ba a san za a haife ka ba, kuma na tuƙa ƙullun dokunu, tuwonmu na masara, shekara da shekaru, na san bambancin muciyar da ke shafar sama da wadda ke ɗago na ƙasa. Aikinka mai kyau ne, mai amfani ne, har ga mu. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Da ka zo da shi ta ƙofa, ka zauna gaban Nana ka yi masa wannan bayanin da ka yi mini, me zai hana ya tsayar maka da injuna na safiya guda a wata ranar? Ko ya ƙi, ai ka tambaya. Kai ka ga tambaya za ta ɗauki lokaci, tsoho kuwa yana kusa.

A duk tsawon maganar nan ba ka ambaci kawunka ba sai da na ambace shi. Ka ce ai kun yi waya, ya ce ba komai, ƙaramin abu ne. Me kake so ya ce? Da na gaya maka an ɗaure jirgi, sai ka ce za ka turo abin sayen rago da kwalbar giya a rufe maganar, sauran kuma sai ka zo Kirsimeti. Ebo, rumfar Nana ba kanti ba ce. Rago suna da shi. Mutum suke so ya tsaya a gabansu ya ce ni ne. Kirsimeti kuwa, sardin ya daɗe da komawa inda ya fito. Na jira ka bayan wayar nan. Na ce yaro zai kwana da maganar, zai kira Nana da kansa, ko ya kira ni ya ce Maame, je ki faɗi sunana. Kullum wayata tana ɗaure a bakin zane. Abin da ya shigo daga wajenka hoton koren layukan nan ne, da ɗan rubutu a ƙasa, wai in nuna wa Kawu.

Ranar Lahadi bayan coci na yi wa kawunka miyar kifi da manja, irin wadda yake so, na kai masa da dokunu mai zafi. Na same shi a bayan gida, ya juya wa teku baya, yana fuskantar bango. Ya rame. Na ce masa, Yaya, wannan shirun ya isa, ka je ka faɗi gaskiya. Ya ce, "Kukua, yaron nan zai dawo ya yi aiki a ruwan nan. In aka kira sunansa a rumfa, wa zai ɗauke shi a jirgi? Ni kaka nawa ta rage mini?" Na ce ko ɗaya ce ta rage, taka ce. Na ce ɗan nawa ne, ni na san abin da zai gyara shi. Ya ce lallai ni ce na haife ka, amma a al'adarmu ɗan 'yar'uwa na kawu ne, kai za ka gaje shi, ba zai bar maka gadon kunya ba. Na ce in ya bar ka ka saba ɓuya a bayan tsofaffi, wannan ne gadon kunyar. Sai ya ture kwanon ya ce in na buɗe baki a rumfa, in nemi wani ɗan'uwan. Ato bai taɓa yi mini irin wannan magana ba tun muna yara. Na ɗauki kwanona na fito.

Ranar Litinin sardin ya shigo da ƙarfi. Jirage suka dawo a nutse, har ruwa na lasar bakinsu, ana kiɗa jarka ana waƙa, daro na bin daro. Ina cikin hayaniyar nan na ɗaga kai, sai na hango kawunka can gefe inda aka jingine jirginmu. Da tsakar rana, shi kaɗai, yana ɗebo ruwa da bokiti yana watsa wa cikin jirgin don kada rana ta tsaga katakon. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana ɗingishi, bai dubi masu sauke kifi ba ko sau ɗaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana shiga gaba a bakin ruwan nan. A nan na yanke shawara, kuma ban nemi ta kowa ba.

Jiya Laraba da safe na yi wanka, na ɗaura baƙin zanena, na tafi rumfar Nana. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Na ce na zo da sunan da ake nema. Kakaki ya matso ya rage murya ya ce, "Maame Kukua, ki yi tunani. In kika faɗa, ba za mu iya cewa ba mu ji ba." Na ce ai don ku ji na zo. Na faɗi sunanka cikakke, Ebo Arhin, ɗan cikina, na faɗi garin da kake, da yadda ka aiko da jarka, da maganar da ka yi wa kawunka a waya. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na kuma gaya musu abin da aikin yake nufi, gwargwadon yadda na fahimta, domin ba na so a ɗauka wasa ka yi. 

Ga abin da aka yanke, ka karanta a hankali. An kwance ganyen kwakwa daga jirginmu, an mayar wa Ato tuƙinsa. Nauyin ya dawo kanka. Ba za ka taka rairayin bakin ruwan nan ba, ba jirgin da zai ɗauke ka ko ya ɗauki kayanka, kuma Nana zai aika wa sarakunan masunta na gabas da yamma da mu su san da maganar, har ranar da za ka zo da ƙafarka ka tsaya a rumfa. Na san kana shirin sake zuba garin rinin nan a teku kafin ruwa ya yi ɗumi, na san karatunka yana bukatar hakan. Yanzu ba ka da hanyar teku sai ta gaban Nana. Ni na jawo maka wannan, da bakina, kuma da za a mayar da jiya zan sake. Kana da damar yin fushi da ni. Ka yi fushin a cikin jirgin sama.

In za ka zo, ka zo da zane, kada ka shiga musu da kwat. Za ka tuɓe takalmi, ka sauke zanen daga kafaɗa, ka tsaya har a ce ka zauna. Kada ka fara da bayani. Ka ce ni ne na aike shi, na san ranar, na yi laifi. Ka yi shiru su yi maka faɗa har su gaji, ko sun faɗi abin da ka san ba daidai ba ne game da ruwa, ka haɗiye. In sun huce, su da kansu za su tambaye ka me koren ya nuna, domin na ga idon Nana lokacin da nake maganar abincin sardin. A lokacin ne za ka buɗe baki. Ka gaya wa malaminka mahaifiyarka ce ta kira ka. In yana da uwa zai gane.

Efuwa tana gaishe ka, ta yi kuka jiya ta ce na cika tsauri, na ce ta je ta kwance hannun rigata. Esi Tawiah tana gaishe ka, ita ce ta zo ta rungume ni a ɓoye ta bayan gida. Gwaggonka Aba da mijinta suna gaishe ka, haka Fasto da matan ajinmu na coci, waɗanda suke sa ka a addu'a ko sun san dalili ko ba su sani ba. Ka gaida maigidan da kake haya a wajensa, da yaron nan ɗan Kenya da kuke dafa abinci tare. Ka riƙa rufe wuyanka.

Kawunka bai ba ni gaisuwa in isar maka ba, domin tun jiya bai yi mini magana ba. Yau da sassafe suka tura babban jirgi, da mutanen da suka rage masa da biyu da suka dawo da jin labari. Ina tsaye a bakin ruwa ya wuce ta gabana, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa, bai dube ni ba. Ya hau ya riƙe tuƙi, ya jira igiya ta fashe, ya daka tsawa, suka keta suka fita. Na ji muryarsa har tudun coci. Tun da ya fara riƙe jirgi, ni yake fara sauke wa kifi kafin kowa. Na hura wutar banda, na wanke wayoyi, ban san ko na wa nake jira ba. Yanzu haka ina jin ana kiran jirage sun fara ɓullowa. Zan ajiye biro in gangara in tsaya inda na saba tsayawa. Ko zai sauke mini, ko zai wuce ni ya ba wata, a gaban gari zan sani.

Allah Ya kawo ka lafiya, kuma da wuri.

Ni ce mahaifiyarka,
Kukua Bentsiwa